Akwatin da Littafi Ya Ce Kada a Buɗe

A Dalijan ta ƙuruciyarmu ba a yar da abu don kawai ya lalace. Ƙwarya ta tsage, akwai mai ɗinke ta. Fartanya ta dakushe, a kai maƙera. Takalmin roba ya tsinke, a sa wuƙa a wuta a manne shi ya ƙara damina ɗaya. Garin manoma ne a ƙasar Gwandu, kuɗi ba sa shigowa sai an yi girbi, saboda haka mai gyara ya fi mai sayarwa kasuwa. A cikin masu gyaran kuwa, wanda mu yara muka fi yi wa dafifi shi ne mai rediyo, domin dattawanmu suna iya haƙura da abubuwa da yawa, amma ban da Rima Rediyo ta Sakkwato da Rediyon Kaduna da labaran BBC na asuba.

Dattijo ne da bai yi boko ba. Kayan aikinsa sukundireba biyu, da ɗan ƙarfen da yake turawa cikin garwashi ya narka dalma da shi, da gwangwanin madara cike da tiransistocin da ya ciro daga matattun rediyoyi. In an kawo masa rediyo ba ya fara kwance ta. Sai ya tsare mai ita da tambaya: yaushe ta daina, faɗuwa ta yi ko ruwa ya taɓa ta, wa ya riga shi buɗewa. Sannan ya kunna ya kara a kunne, ya buɗe bayan ya shinshina. In na miƙa hannu sai ya buge shi ya ce, "Kak ka taɓa, yaro. Mi ka gani tukuna?" Bayan shekaru na tarar da wannan tsari nasa, kusan daki-daki, a cikin wani ƙaton littafin Turanci da aka rubuta a Amurka.

Kwamfuta a Birnin Kebbi na fara ganinta, a wani shagon buga takardu, ran da muka je cike fom ɗin jarabawa. Shekarun bayan zuwan wayar salula ne a 2001, sa'ad da hukumomin jarabawa suka fara mayar da rajista da duba sakamako kan intanet, kafe na ta buɗewa, ofisoshi na ajiye tafireta. Da na gama sakandare Baba ya so in tafi kwalejin ilimi ta Argungu in fito malamin makaranta, aikin da ya san yana da albashi da fansho. Baffana, mai tuƙa mota tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, shi ya shiga tsakani. Ya ce, "Yaya, wanga abu hwa shi aka yayi. Bar shi shi tai shi koya, in bai yi ba makaranta ba ta gudu." Baba bai ce to ba, bai kuma ce a'a ba. Washegari dai ya sa aka auna mini gero aka ɗaure a buhu.

Maigidan da aka damƙa ni hannunsa daga gyaran talabijin da bidiyo ya tsallako, kamar yawancin masu gyaran kwamfuta na farko da na sani. Watannin farko babu abin da ya haɗa ni da gyara sai shara da tayar da janareta da hure ƙura da bulowa a bakin titi, sai tsince sukurori ana ware su a murafen kwalba. Wannan kowane yaron shago ya san shi, ba sai na ja ba.

Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne irin injinan da muke gyarawa, domin su suka yi mana manhaja. Kusan duk wanda ya shigo shagon gwanjo ne. Ofisoshin Turai da Amurka sun gama da su, an loda a kwantena zuwa Apapa, an baje a kasuwar Alaba da Computer Village ta Ikeja, daga nan su hau mota zuwa Kano da Kaduna da Sakkwato, ragowar ta iso mana. A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka, Basel Action Network, ta fitar da rahoto kan wannan ciniki, ta ƙiyasta cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka Legas kowane wata, kuma har kashi 75 cikin ɗari na iya zama tarkacen da ba ya gyaruwa. Masu rahoton juji suka gani, kuma ba su yi ƙarya ba. Mu da ke ƙarshen hanya, a jujin nan muka yi karatu. Matacciyar kwamfuta ba a fitar da ita daga shagonmu, ana ɗora ta kan kanta a riƙa cire mata kaya ɗaya bayan ɗaya har ta koma gwangwani.

Darasin farko a bayan injin yake. Fawa fak na wancan zamani, wato akwatin da ke ba injin wuta, yana da ɗan jan maɓalli mai lamba biyu, 115 da 230. Wutar Amurka wajen bolt 120 ce, tamu 230. Injin da ya taso daga can yakan iso da maɓallin a kan 115, in mai shi ya yi ɗokin jonawa bai duba ba, sai a ji fau, hayaƙi ya tashi, a kawo mana shi da kwalinsa ko ledar ba a gama cirewa ba. Doka ce a shagon: ba a jona baƙon inji sai an juya an dubi bayansa.

Sai annobar kafasito, wadda ta ciyar da mu shekaru. Kafasito ɗan gwangwani ne tsaye a kan madabod, aikinsa tace wuta ta daidaita kafin ta isa firoseso. Daga 1999 zuwa wajen 2007 wasu masana'antu a Taiwan sun fitar da miliyoyinsu da gurɓataccen ruwan sinadari a ciki. In suka ɗauki zafi sai iska ta taru, kan ya kumbura, wani ya tsage ya fitar da dasashi mai launin tsatsa. Injin ya riƙa mutuwa yana tashi da kansa, ko ya daskare ana tsakiyar aiki. Manyan kamfanoni da dama abin ya shafa. Dell kaɗai ya ware kusan dala miliyan 300 a 2005 saboda injinansa na OptiPlex GX270 da GX280. A can, gyaran shi ne a zare madabod ɗungurungum a sa sabo. Waɗanda suka tsira daga canjin, da suka tsufa, hanyar Legas suka kamo, suka zo suka tarar da bazarar Kebbi, inda ma'aunin zafi ke haura 40 a Maris da Afrilu. Abin da ya rage musu na kwana sai ya ƙare cikin 'yan watanni.

Mu ba mu da sabon madabod. Sai mu zauna mu cire kumburarrun ɗaya-ɗaya. Ka karanta lambobin jikin tsohon, ƙarfin ajiyarsa da yawan bolt ɗin da yake ɗauka, ka nemo daidai da shi, kuma ka tabbata mai jure zafin 105 ne, domin mai 85 ba zai ga damina ba. Ka lura da zanen da ke nuna ƙafar da ba a juyawa, in ka juya ta zai fashe maka a fuska. Madabod kuma ba allon rediyo ba ne. Hawa-hawa ne na tagulla a manne, yana shanye zafin ƙarfen dalma, ƙaramin ƙarfe ba ya narkar da komai, babba kuma in ka daɗe da shi sai ya ɗaye layin. Tsakanin waɗannan biyu hannu yake koyon lokacinsa, kuma babu mai iya gaya maka shi da baki. Maigidana yakan ce mu mutanen Aliero ne, masu ɗorin nan da suka yi suna: ba sa ce wa mai karaya ya jira a kawo masa sabon ƙashi.

Kada wani ya ɗauka jarumta ce ta sa mu haka. Nisa ce. Kayan gyara na kirki sai Kano, tafiyar yini ta Sakkwato da Gusau da Funtuwa, ko Legas ta Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora da Jebba. Ka ba direba kuɗi da takarda, ka jira, a kawo maka abin da bai shiga ba, ka sake mayarwa. Mai inji kuwa kullum yana bakin shago. Wanda ya sha wannan wahala sau biyu shi da kansa zai ɗauki mita ya nemi ainihin abin da ya mutu.

Hunturu ma malami ne. Ƙura takan toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya firoseso har ta zama kamar an liƙa bargo, fanka na juyawa amma iska ba ta ratsawa, man da ke tsakanin firoseso da ƙarfen ya bushe ya farfashe. Rabin injinan da ake kawowa da sunan sun mutu, wanka kawai suke so da sabon mai. Busasshiyar iskar kuma tana tara wa jiki lantarkin nan da ke ɗan tsikarin mutum in ya taɓa ƙofar mota, wanda ya isa ya kashe ram ba tare da an ga ko tartsatsi ba. Ba mu da abin ɗaurawa a wuyan hannu, sai dai a cire takalmi a tsaya kan siminti, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa cikinsa. Injin da ya ƙi kawo hoto yana ta ƙara, sau da yawa ram ne ya yi datti, a goge haƙoransa da abin goge fensir a mayar. Wanda kwanan watansa ke komawa baya duk safiya, ɗan batirin nan ne mai faɗin kwabo, CR2032, na bolt 3. A nan ake gane mai amana. Na ga masu karɓar kuɗin madabod a kan wannan batirin, kamar yadda na ga masu yi wa kowace cuta fomatin, su shafe wa mutum aikin shekara don sun ƙi zama su bincika. Maigidana ya taɓa korar yaro saboda ya buɗe hotunan da ke cikin injin wata mata, bai kuma saurari roƙon kowa ba.

Littafin ya shigo shagon ne ta hannun ɗaliban kwalejin fasaha ta Waziri Umaru, waɗanda ake turo mana aikin sanin makama na SIWES. Su sun san sunan komai amma hannunsu na rawa a kan dalma, mu kuma mun san inda ciwo yake amma ba mu san me ya sa ba. Ɗayansu ya zo da kwafin littafin shirya wa jarabawar A+ ta CompTIA, wata ƙungiyar masana'antar kwamfuta a Amurka da ta fara ba da wannan shaida a 1993. Da dare, in an rufe shago, nake karanta shi da ƙamus a gefe.

Ba zan rage wa littafin nan haƙƙinsa ba. Shi ya nuna mini abin da ke faruwa daga lokacin da aka danna maɓalli zuwa lokacin da Windows ta bayyana: yadda fawa fak ke aika alamar cewa wuta ta daidaita, yadda BIOS ke zagayawa ta gwada kowane sashe, da dalilin da ƙarar da inji ke yi take da ma'ana. A shago na san cewa in aka haɗa koriyar waya da baƙa fawa fak zai tashi ko babu madabod, kuma rawaya bolt 12 ce, ja 5, ruwan lemo 3.3. Littafin ya gaya mini wace na'ura ke shan wacce, sai na fara hasashen ciwo tun kafin in kwance sukurori. Matakan bincikensa kuma su ne na mai rediyon Dalijan: ka tambaya, ka yi zato, ka gwada zaton, ka gyara, ka tabbatar. Abu ɗaya ya ƙara a ƙarshe wanda babu mai yinsa a cikinmu, wato ka rubuta abin da ka tarar da abin da ka yi. Na sayi littafin awo na fara. Kafin shekara ta zagayo, shafukan suka nuna mini wane samfuri ke mutuwa da wace cuta a wane lokaci na shekara, har na riƙa yin odar kaya kafin bazara ta shigo.

Amma akwai wurin da muka raba hanya. Littafin ya ce fawa fak ba a buɗe shi, in ya mutu a cire a sa wani. Haka ma sikirin mai ƙeya. Kuma dalilinsa na tsaro gaskiya ne: manyan kafasitocin cikin fawa fak suna iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare waya, kwalbar sikirin kuwa tana aiki da wajen bolt 25,000. Maigidana bai taɓa barin yaro ya sa hannu ciki ba sai an jona ƙwan lantarki an tsotse wutar da ta rage, an kuma auna da mita. Sai dai akwai wani dalili da littafin bai faɗa ba domin a wurin marubutansa abu ne sananne: a ƙasarsu sabon fawa fak ya fi ladan awa ɗaya ta ma'aikaci arha. A wurinmu lissafin a kife yake. Kayan ne da tsada, hannu kuwa arha. Don haka akwatin da aka ce kada a buɗe shi ne wanda muka fi buɗewa, mu canza fis da tiransistan da ya ƙone da kafasito biyu, malamin makaranta ya ɗauki injinsa a kan kuɗin da aljihunsa zai iya.

To me ya kai ni neman takarda? Ofis. In aikin gwamnati ko na banki ko na wata ƙungiya ya taso, tambayar farko ita ce satifiket, kuma duk iyawarka in babu shi sunanka yaron shago. Hanyoyin da ke gabanmu sanannu ne. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki na uku da na biyu da na ɗaya. Akwai jarabawar NABTEB, hukumar da ke Benin, ga waɗanda suka bi ta makarantun fasaha. Akwai majalisar CPN da aka kafa a 1993 don yi wa masu sana'ar kwamfuta rajista. Na fara da gwajin sana'a ta ɓangaren kayan lantarki, inda aƙalla ana ba ka allo da ƙarfen dalma a ga abin da za ka yi. A+ kuwa sai da na yi adashi, domin takarda biyu ce, kuɗinta da dala, ga kuɗin mota zuwa Abuja, kuma tun daga 2011 shaidar shekara uku take yi a sabunta.

A ɗakin jarabawar, tambayoyi wajen 90 cikin minti 90, babban aikin da na yi shi ne danne abin da hannuna ya sani. In aka ce fawa fak ya mutu, me za ka yi, amsar da ake so ita ce a canza. Na zaɓe ta. Tun a wajen shiri na gane cewa wanda ake tambaya ma'aikaci ne mai sito cike da kaya a bayansa da garantin kamfani a aljihu, sai na ari rigarsa na amsa da bakinsa. Na ci, kuma na yi murna ƙwarai, har Baba ya sa aka yi wa takardar gilashi.

Ta yi aikinta. Hukumar JAMB ta fara jarabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita gaba ɗaya a 2015, cibiyoyi suka riƙa neman ɗaruruwan injina da wanda zai haɗa su ya kula da su. A 2013 ɗin aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin yake ta wajen Kalgo, ga ta jiha a Aliero tun 2006, ɗalibai da malamai kowa da laftof. Aiki ya buɗe, kuma takardar ce ta shigar da ni ofisoshin da a da ko mai gadi ba zai bar ni in wuce ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maigidana. Bai da ko ɗaya daga cikin takardun nan, Turancinsa kuma na cinikin kaya ne. Sai ya zamana masu takarda ke karɓo kwangila, in ta cije su lallaɓo shagonsa da dare da injinan a bayan mota, ya gyara, su ba shi abin da suka ga dama. Ni kaina na kai masa aiki a haka, duk da dai ban taɓa yanka masa farashi ba. Ran da na nuna masa satifiket ɗina ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Madalla, Injiniya. Allah shi sa albarka." Sannan ya miƙo mini wani allo ya ce in duba masa layin bolt 5 da ke faɗuwa. Babu wata jarabawa a lokacin da za ta iya auna abin da ke kan mutumin nan. Yanzu hukumar NBTE da ke Kaduna tana tafiyar da tsarin NSQ, wanda a cikinsa mai tantancewa ke zuwa wurin aiki ya ga hannun mutum, a kuma lissafa masa abin da ya riga ya iya. Tunanin daidai ne. Ya zo wa irinsu a makare, kuma har yau masu shaguna da yawa a garuruwanmu ba su ma ji labarinsa ba.

Sana'ar ma ta sauya fata. Tun da Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma mai guba a 2006, masana'antu suka koma wadda ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen 217, maimakon 183 na tsohuwar. Sassan sun ƙanƙance, ram da firoseso a laftof da yawa an like su da allo, ƙafafunsu a ƙarƙashi inda ƙarfe ba ya kaiwa. Gyara ya koma na injin hura zafi da madubin ƙara girma da zanen allo da ake saukewa daga intanet. Samarin da ke gyaran waya a rumfunan caji na Dalijan da Kambaza da Gwandu, da farantin sola a kan rufi, sun fi mu saurin kama wannan, domin da shi suka buɗe ido, kuma YouTube ya rage musu tafiyar Kano.

Yaran da ke wurina yanzu ba na barin kowa ya kwance inji sai ya iya karanta mita, kuma kowa da littafin awonsa. In lokacin yaye ya matso nakan tura su su yi rajistar gwajin sana'a, in cika wa wanda kuɗinsa bai kai ba. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar garinmu da ta fi kowa tsaftar dalma. Da aka je neman izinin mahaifinta sharaɗi biyu ya kafa: ta riƙa tashi kafin magariba, kuma kada ta dawo masa gida ba takarda.